Garejin Baba a Kurmin Mashi: yadda aka tayar da a-kori-kurata bayan ta kwanta

Tun da a-kori-kurata ta koma jigilar masara a hanyar Kujama abokan sana'a ke tare ni da tambayar wanda ya tayar da ita. Sun ga lokacin da ta kwanta a ƙofar gida cikin damina, sun kuma san ba hannu ɗaya ta bi ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani a garejin, mai daɗi da marar daɗi, domin mai irin motata ya san abin da zai tarar kafin ya biya kuɗin janwe.

Garejin yana Kurmin Mashi a Kaduna, cikin layukan makanikai da ke gefen baifas. Babu allo, babu suna. Rumfar kwano ce da benci da wani tsohon akwatin ƙarfe mai kwaɗo, sai ƙwarangwal ɗin motoci a jibge ana cirar kaya a jikinsu. Mai wurin dattijo ne mai furfura, kowa Baba yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan. In ka tambayi masu shayin layin inda ake gyaran tsofaffin Peugeot za su nuna maka. Ba ya taɓa komai sai 404 da 504 da 505. A gabana wani ya kawo mota mai injekta, Baba ko tashi bai yi ba, ya nuna masa layin gaba da baki.

Tawa 504 ce mai kafireta, gadon kawuna, irin waɗanda aka harhaɗa nan Kakuri. A Faransa aka fara fitar da 504 a 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna kuma ya soma harhaɗa motoci a 1975, wannan ya sa garin nan ya tara mutane da yawa da suka san motar ciki da bai. Damuwar ita ce sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, yaran da suka taso kuma na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta suka koya. Ita kuwa 504 ba ta da inda za a jona mata komai.

Ga yadda abin ya faro. An kwana ana ruwa cikin watan Agusta, da safe na murɗa makulli ta yi ƙas ta yi shiru. Matasan layi suka tura ni, na sa giya ta biyu na saki kuloci, ta yi ta fizga ba ta kama ba. Na kira wani bakanike na unguwa. Ya ce batir ne, muka aro na maƙwabci, sai ta soma juyawa amma ba ta tashi. Ya ce to fulogi ne, na sayo huɗu. Ya zare wayoyin gaba ɗaya ya sa sababbin fulogi ya mayar, shiru. Ya ce koyil ne, na sayo. Da ya ce saura famfon mai, in kuma bai yi ba sai a nemo wata kafireta, sai na sallame shi. Ba mugu ba ne, bai kuma ci kuɗina da gangan ba. Haka da yawansu suke aiki, a yi ta canza kaya da aljihun mai mota har a dace da wanda ya lalace.

Da janwe ya sauke ta a Kurmin Mashi na ɗauka Baba zai ce a buɗe bonet. Ko kallonta bai yi ba. Ya matsa mini a benci, muka gaisa, ya soma tambaya.

"Da ka murɗa makulli me ta ce? Shiru ta yi, ko ƙas ta yi, ko juyawa take ba ta kamawa?"

Na ce, "Baba, da farko ƙas, daga baya juyawa."

"Kafin ta kwanta tana ba ka wahala da safe? Tana sanyin jiki in ta zo hawa? Ina ka sha mai na ƙarshe? A rumfa take kwana ko a fili? Wa ya taɓa ta, me ya cire?"

Sai da na amsa duka sannan ya miƙe yana cewa, "Ɗana, motar da ta ƙi tashi ɗayan huɗu ta rasa. Ko ba ta juyawa da ƙarfi, ko ba wuta, ko ba mai, ko injin ba ya matse iska. Bin su za mu yi a jere. Kada ka sayi ko noti sai na nuna maka da idonka."

Ya sa yaronsa ya kunna manyan fitilu, ya ce in murɗa. Fitilun suka dusashe har suka kusa mutuwa, kik na jan injin da ƙyar. Ya ce in fitila ta mutu lokacin da ake murɗawa, to ko batir ya yi sanyi, ko wutar ba ta samun hanya, ko kik ɗin ne ya cije. In kuwa fitila ta tsaya da haskenta kik bai motsa ba, a nemi laifin a makulli ko a siririyar wayar da ke zuwa kan kik. Ya ɗora mita a batirina, wanda aka riga aka yanke wa hukunci, na kuma kai shi caji kafin in kawo motar. Ta nuna volt 12.4. Cikakken batir 12.6 yake nunawa, wato nawa da sauransa. Ya ce a sake murɗawa, ya bi wayoyin da hannu, ya tsaya a kan ƙatuwar wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Ya kamo hannuna ya ɗora a wurin. Da zafi rau. Ya ce duk inda wuta ke wucewa da ƙyar sai ya ɗau zafi. Da aka kwance notin, tsatsa ce zalla a ƙarƙashinsa, rabin silin wayar sun tsinke, kan batir ɗin kuma ya yi farin gari mai kore-kore. Ruwan zafi da kanwa aka zuba, aka goge da samfefa, ya ciro wata wayar a jikin ɗaya daga cikin ƙwarangwal ɗin nan ya ɗaura. Kik ya ɗauki injin da gudu.

Na tambaye shi to me ya sa batirin aro ya juya ta. Ya ce cirewa da mayarwar da aka yi ne ta kankare dattin kan batir kaɗan, shi ya sa nawa ma da aka mayar ya bar ƙas ya koma ja da ƙyar. Mutum nawa suka sayi sabon batir a garin nan saboda wannan, Allah kaɗai Ya sani.

Daga nan sai wuta, kuma a nan ne na ga aiki. Ya zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, ya riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin injin, tazarar ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, aka murɗa. Ko ƙyas. Sabon koyil, sababbin fulogi, ba wuta. Sai ya ɗauko kayan aikin da ya fi burge ni a duk garejin, ƙwan fitilar mota guda da aka liƙa wa waya biyu. Ya maƙala ɗaya a jikin injin, ɗayar ya taɓa gefen koyil inda wuta ke shigowa daga makulli. Ƙwan ya kama, wuta na isowa ke nan. Ya mayar da wayar ɗaya gefen, wanda ke tafiya distiributa, ya ce a juya injin. Ƙwan ko ƙiftawa bai yi ba.

Ga wanda bai taɓa leƙa ciki ba, a distiributar irin waɗannan motoci akwai kontak, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa yayin da injin ke juyawa. Daidai lokacin da suka rabu ne koyil ke harba wutar dubban volt zuwa fulogi. Saboda haka in mota lafiyarta ƙalau, ƙwan nan kamawa zai yi yana mutuwa a kai a kai. In ya kama ya tsaya, kontak ba ya haɗuwa, ko datti ya shiga tsakani. In ya ƙi kamawa sam, kontak ba ya buɗewa, ko wata waya ta taɓa jiki, ko kondensa ta ƙone, ko koyil ɗin ya yanke a ciki. Ƙwai ɗaya ya raba wannan gardamar duka, ba a sayi komai ba.

Baba ya cire murfin, ya juya shi a haske yana neman tsaga ko baƙin layin da wuta ke bari in tana tsallakewa, ya danna ɗan gawayin tsakiya ya ga yana dawowa, ya goge raɓar ciki da gefen rigarsa ya ajiye. Ya zare rota, ya sa yaro ya juya injin a hankali da sifana, muka leƙa tare. Ɗan dunduniyar da ke hawa tudun sandar distiributa ya buɗe kontak ɗin ya cinye, bakin ba ya rabuwa ko kaɗan. Fuskar kontak ɗin kuma ta ƙone, gefe guda ya yi rami, ɗayan ya yi tsini, abin da ya ce alamar kondensa ta gaji ne. Bakin kontak in yana tsukewa wuta tana makara, daga nan wahalar tashin safe take zuwa, da sanyin jikin da motar ke yi in na ɗauko kaya na zo hawa. "Ta daɗe tana faɗa," in ji shi.

Ya aiki yaro ya sayo kontak da kondensa. Yaron ya dawo, Baba ya buɗe kwalin, ya danna sifirin da yatsa, ya ɗaga wa haske ya ga fuskokin biyu ba su zauna daidai da juna ba, ya ce a mayar. Na biyun da aka kawo ya fi tsada, shi ya karɓa. Zuwa da dawowar nan ta cinye mana hantsi har azahar, raina ya soma ɓaci, amma kasuwar kayan 504 yanzu haka take, kwali iri ɗaya, abin ciki daban. Araha ba ta ado. Ya ɗaura, ya saita buɗewar bakin a kan milimita 0.4 da ma'auninsa mai ganye-ganye, ya lakato giris a tsinken ashana ya shafa a tudun sandar. Ya ce rashin wannan ɗigon ne ke cinye dunduniyar, kuma in ya yi yawa ya fantsama a fuskar kontak an koma gidan jiya. Aka sake gwada wayar tsakiya, sai ga wuta shuɗiya tana tas-tas-tas. Sannan ya cire sabon koyil ɗin da na saya ya mayar da tsohon, wanda na zo da shi a leda. Wuta iri ɗaya. Ya miƙo mini sabon ya ce in ajiye a bayan kujera saboda wata rana.

Na shiga na murɗa da murna. Ta juya, ta juya, sai ta yi wata irin harbawa ta salansa da ta sa mai shayi ya miƙe tsaye. Yaran suka bushe da dariya. Baba ya bi wayoyin fulogi da ido ya ce, "Wanda ya sa maka fulogin nan a kan motar Japan ya koyi aiki." Tsarin kamawar silinda a 504 shi ne 1-3-4-2, irin na yawancin injuna masu silinda huɗu, sai dai Faransawa daga baya suke fara ƙirga. Lamba ɗaya tana can wajen giyabos, ba nan gaba wajen lagireto ba. Wanda ya ƙirga daga gaba zai jera wayoyin a tsarin da ido zai ce daidai ne, amma kowace wuta za ta zo lokacin da fistin ya gama fitar da hayaƙi, maimakon lokacin da ya matse mai. Ko kwana aka yi ana murɗawa ba za ta tashi ba. Wato bayan ciwon da ya kwantar da ita an ƙara mata wani a ƙofar gidana, da a ce an dace an canza kontak ɗin a can ma da ba ta tashi ba, da an ci gaba da sayen kaya.

Bai tsaya a kan zato ba. Fulogin 504 can cikin dogon bututu suke zaune, sai da doguwar sifana ta musamman ake kai musu. Ya cire na baya, ya rufe bakin bututun da tafin hannu, yaro na juya injin har iska ta turo hannun, ya duba inda rota ta fuskanta, daga nan ya jera wayoyin. Sauran fulogin ma ya fito da su, duk sun jiƙe sharkaf saboda murɗawar da aka sha yi, ya busar da su ya saita bakinsu a kan milimita 0.6. Ya sassauta distiributa ya saita taimin da ƙwan fitilar nan dai.

Ta tashi, ta yi tari kamar tsoho a sanyin hunturu, ta girgiza, ta mutu. Aka sake, haka. Baba ya ce saura mai. Ya cire matatar iska ya leƙa maƙogwaron kafireta yana danna totur da hannu, ya ga tana fesawa. Wani yaro ya ɗauko gora zai tsiyaya fetur kai tsaye a ciki yadda aka saba, Baba ya daka masa tsawa, ya ce ya san mutumin da gemunsa ya tafi a haka. Ya zare tiyon da ke tahowa daga famfon mai ya zura a gorar ruwa wadda ba komai, aka juya injin. Famfon da aka ce in canza yana tofo mai da ƙarfinsa. Ya ajiye gorar a kan benci ya ce kada wanda ya taɓa. Kafin mu dawo daga sallar la'asar abin ya kwanta, fetur a sama, a ƙasa kuma wajen yatsa biyu na jan ruwa mai garin tsatsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, gindin tanki yake sauka, daga gindin kuma famfo ke zuƙa.

Hankalina ya tafi kan 'yan bumburutu, don a kwanakin na sha mai a galan. Baba ya ce kada in ɗauki alhakin kowa tukuna. Ya kwanta ƙarƙashin bodin ya lalubo tiyon robar da ya haɗa bakin zuba mai da tankin. Ya tsage ta sama, daidai inda ruwan da ke gangarowa daga bodi yake ɗiga. Mota mai kwana a fili a Agustan Kaduna, lissafin ya fito.

A wajen sauke tankin ne na ga abin da bai kwanta mini ba, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da baki yaran suke zuƙo mai ta tiyo, ɗayansu ya kurɓa ya yi ta tofarwa idonsa ya kaɗa ya yi ja. An juye fetur a buɗaɗɗen baho, ga mai walda a rumfar da ke jikin tasu yana ta watsa tartsatsi. Babu abin kashe gobara a garejin sai bokitin yashi da aka mayar wurin zuba ɓawon rake. Na yi magana, Baba ya ce shekara da shekaru haka suke yi Allah na tsarewa. Mutumin da ya hana yaro zuba fetur a kafireta bai kamata ya ba ni wannan amsar ba. Ni dai na ja da baya har bakin layi, na kuma ce wa mai waldar ya dakata, ya dakata yana gunguni.

An wanke tankin, ana jiran ya bushe hadari ya taso, dole motar ta kwana. Kashegari ya buɗe kafireta a kan faranti, ya zubar da ruwan da ya taru a kwanonta, ya wanke jet ɗin ɗaya bayan ɗaya da fetur ya hure su da famfon taya. Ba ya yarda a zura wa jet waya, ya ce ramin faɗaɗa yake yi mota ta koma shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai 504, wadda dama can ba ta san tattali ba. Ya ƙara ɗan filta na roba mai nuna ciki a kan tiyo kafin famfo, ya ce in riƙa leƙa shi, in ya yi ja in canza. Ya ja cok, murɗa ɗaya ta tashi, ta zauna a silo ba rawa. Ya ɗora mita a batir injin na aiki, ta haura 14 kaɗan, altaneta na caji ke nan.

Na ɗauka an gama, ya ce saura na huɗun. Ya fitar da fulogi duka ya ɗaura ma'aunin matsi a kowace silinda. Uku sun zo kusa da juna, ɗaya ta gaza sosai. Ya tsiyaya baƙin mai cokali guda a cikinta ya sake aunawa, allurar ta hau. Ya ce da bawul ne ke yoyo da man bai canza komai ba, tunda ta hau ringi ne suka ci. Na yi tsit ina jiran a ce a sauke injin, don a nan ne masu gareji ke cin kasuwarsu. Sai ya ce, "Ba yau ba. Za ta kai ka kaka. Ka riƙa duba baƙin mai kowace safiya, kada ka ɗora mata fiye da ƙarfinta, in ka sayar da masara ka dawo mu yi magana."

Batun kuɗi, aikinsa ba araha ba ne. Ya ninka abin da bakaniken unguwa ya karɓa, kuma ba ya son ciniki. Na ce, "Baba, a duba mini," ya ce, "An duba." Yana karɓar kuɗin bincike daban ko da ba a wurinsa za ka yi gyaran ba, yana kuma faɗa maka tun kafin ya taɓa motar. Amma in na haɗa kayan da ya sa na saya, kontak da kondensa da tiyo da filta, ba su kai kuɗin koyil da fulogin da na riga na saya ba. Wayar batir bai caje ni ba. Babu rasit, ba ya karɓar tiransifa, sai ka taka wurin mai POS a bakin layi shi ma ya cire nasa. Tsofaffin kayan da ya cire a leda ya ƙulle ya ba ni. Yaran ma suna sa ran na sabulu, kuma bayan abin da na ga sun sha a wajen tankin nan ban ji ƙyashin ba su ba.

Sai ka zo da haƙuri. Mota ɗaya yake yi a lokaci guda, in ka tarar da wani a gabanka sai ka jira ya gama. Ba ya ɗaukar waya in yana aiki, ba ya kuma bin mota inda ta mutu, ko a Mando take ko a Maraban Rido sai ka jawo ta. Ran Juma'a daga hantsi an rufe. Layin in an yi ruwa caɓi ne, janwen da ya kawo ni sai da ya kusa kafewa. Bakinsa kuma da kaifi. Wani mai 505 yana tsaye a kansa yana ta cewa ai famfo ne, ai kaza ne, Baba ya ajiye sifana ya ce, "Alhaji, in ka san ciwon me ya kawo ka?" Mutumin ya koma benci bai sake tofa komai ba. Na karɓi motata sitiyari da kujera duk shatin baƙin hannu, sai da na isa gida kuma na ga notin murfin matatar iska ya ɓata an ɗaure da waya. Da na koma na faɗa, ya wanke yaron tas a gabana har na ji ba daɗi, ya sa shi ya ciro wani a ƙwarangwal.

Akwai inda muka sha bamban. Na tambaye shi batun distiributa marar kontak, ta lantarki, wadda wasu abokaina suka sa wa nasu. Ya ce tana da kyau ran da take da lafiya, ran da ta mutu a daji ba abin da za ka yi mata sai janwe, shi kuwa kontak da samfefa da sukudireba za ka lallaɓa shi ya kai ka gida. Ban gamsu gaba ɗaya ba. Waɗanda suka sa ta sun huta da saitin baki, motocinsu sun fi saurin tashi da safe, ga shi kontak mai kyau yana wahalar samu, mun ma gani da idonmu a ranar. Ina jin akwai son abin da hannu ya saba a maganarsa. Sai dai hanyoyin da nake bi ba wuraren da mutum zai so magariba ta riske shi da bonet a buɗe ba ne, don haka a yanzu na tsaya a kan kontak. Ya nuna mini yadda ake saita bakin, ya sa na yi da hannuna a gabansa har ya ce ya yi, na kuma haɗa nawa ƙwan fitilar mai waya biyu yana cikin akwatin gaba.

Tun daga lokacin tana tashi da safe in na ja cok, ta daina sanyin jiki a hawa, shan man ma ya ragu yadda aljihuna ya shaida. Shuɗin hayaƙi yana nan in ta daɗe a silo, baƙin mai kuma sai na riƙa ƙari, duk yadda ya faɗa.

In motarka 404 ce ko 504 ko 505 mai kafireta, ta kwanta an rasa gane kanta, ka kai masa. In mai injekta ce ko ta dizal kada ka wahalar da janwe. Ka yi sammako, ka zo da duk tsofaffin kayan da aka cire, ka kuma faɗi gaskiyar wanda ya taɓa ta da abin da ya kwance, domin daga nan yake fara lissafi. Aikin wayoyin fitila da altaneta ba ya yi, akwai mai rewaya a layin da yake tura wa mutane. Batun ringin kuwa ya riga ya gaya mini sai motar ta yi kamar mako a wurinsa, kuma ba ya riƙe kuɗin kayan kowa, ni da yaronsa za mu je kasuwar kayan mota ta Oriakpata mu zaɓo, in bai yi masa ba mu mayar.